Gwajin Kwalba, Gwajin Sauyawa, ko Barin Gwajin: Zaɓen Hanyar Auna Narkewar Sinadaran Ƙarfe a Ruwa

A sashe na 9 na takardar bayanan kariya da ke rakiyar kowane sinadari akwai layi guda da ake rubuta yawan narkewarsa a ruwa. Layin gajere ne, amma a kansa ake ɗora hukunce-hukunce masu nauyi: ko sinadarin zai bi ruwan sama ya gangara rafi, ko zai kashe kifi idan ya isa can, ko ana iya wanke shi da ruwa idan ya zube a ɗakin ajiya, ko kuwa ruwan ne zai mai da zubewar ta zama gobara. Idan gishirin miya ake magana babu wata wahala, domin kusan gram 360 nasa ke narkewa a lita ɗaya a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, kuma in aka ƙafe ruwan gishirin zai dawo yadda yake. Ba dukan ƙarafa da sinadaran da suka ƙunshi ƙarfe ke da wannan sauƙin hali ba. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa nauyin cike wannan layi, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ko jami'in kariya na masana'anta, ko ɗan kasuwar da hukuma irin NAFDAC ta nemi bayanin kayan da zai shigo da su, yana da hanyoyi uku a gabansa. Ta farko ita ce gwajin narkewa da aka saba da shi, wato ƙa'idar gwaji mai lamba 105 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba. Ta biyu ita ce gwajin sauyawa da narkewa, wanda ƙungiyar ta fitar a 2001 cikin takardar jagora mai lamba 29, kuma ya shiga tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin rarraba sinadarai bisa haɗarinsu da yi musu alama, a matsayin rataye na 10. Ta uku ita ce a bar gwajin narkewar gaba ɗaya, a rubuta dalilin barinsa, a koma kan abubuwan da sinadarin ke rikiɗewa zuwa gare su idan ya haɗu da ruwa.

Abin da ke raba gardama tsakanin ukun shi ne abin da ruwa yake yi wa sinadarin, kuma tambaya ce da ake amsawa tun kafin a buɗe kwalba ko a biya kuɗin gwaji. Wasu sinadaran suna narkewa su zauna a cikin ruwa lafiya, kamar kofa salfet, shuɗin gishirin nan na jan ƙarfe, da zinki salfet. Wasu kuma suna kwanciya a gindin kwalba kamar babu abin da ke faruwa, alhali ruwa da iskar oksijin da ke cikinsa suna cin samansu a hankali, ƙarfe narkakke yana fita kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. Garin zinki, da zinki oksaid, da garin nikel, da duwatsun ma'adinin dalma duk suna cikin wannan sahu. Sai waɗanda ruwa ke rusa su nan take har ba a sake samun ainihinsu, irin su sodiyam, da kalsiyam kabaid da masu walda ke amfani da shi, da alminiyam fosfaid da ake sakawa a rumbunan hatsi, da titaniyam tetrakuloraid. Kowane sahu yana da hanyar da ta dace da shi, kuma yawancin kurakuran da ake gani a takardu sun samo asali ne daga ɗaukar hanyar sahun farko a yi wa sauran biyun.

Ƙa'ida mai lamba 105, wadda aka amince da sigarta ta yanzu a 1995, tana farawa da ɗan gwajin share fage: a zuba kusan gram 0.1 na sinadarin a silinda mai murfi, a riƙa ƙara ruwa mataki-mataki, ana girgizawa na minti 10 bayan kowane ƙari, har a ga inda ya ɓace. Idan narkewar ta haura miligiram 10 a lita, sai a bi hanyar kwalba. Ana zuba sinadarin fiye da yadda ruwan zai iya ɗauka a kwalabe uku, a toshe su, a girgiza a zafin digiri 30, a cire ta farko bayan awa 24, ta biyu bayan awa 48, ta uku bayan awa 72, a bar kowacce ta huce kwana ɗaya a digiri 20, sannan a raba ruwan da abin da bai narke ba a auna. Idan sakamakon kwalaben ƙarshe bai bambanta da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba, an ɗauka ruwan ya ƙoshi, kuma wannan ita ce lambar da ake rubutawa. Idan narkewar ba ta kai miligiram 10 a lita ba, ƙa'idar ta tanadi wata hanya ta ratsa ruwa ta cikin siririn bututu da aka cika da yashi ko ƙwayoyin gilashi da aka shafe su da sinadarin.

Alherin wannan gwaji a fili yake. Yana ƙarewa cikin mako guda, ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, na'urar auna ƙarfe ta harshen wuta da ake samu a yawancin sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i ta wadatar, kuma lambar da yake bayarwa kowa ya san ma'anarta. Ga gishirin ƙarfe mai narkewa sosai, irin kofa salfet da ke ba da gram ɗaruruwa a lita, babu dalilin neman wata hanya, kuma sau da yawa ma amsar tana cikin amintattun littattafan bayanan sinadarai tun da daɗewa.

Matsalar tana farawa ne idan aka kai shi sahu na biyu. An gina gwajin a kan zato biyu: cewa sinadarin ba ya sauyawa a cikin ruwa, da cewa akwai matsayin ƙoshi da ake isa cikin 'yan kwanaki. Garin ƙarfe ya saɓa wa duka biyun. Zinkin da ke cikin ruwa ba narkewa yake yi irin ta gishiri ba, tsatsa yake yi, abin da ake aunawa a ruwan kuwa ayon ɗin zinki ne, wato narkakken zinkin da tsatsar ta saki, kuma yawansa ya dogara da tsawon lokaci, da yawan oksijin, da faɗin saman garin da ruwa ya taɓa. Kwalbar da aka toshe tana iya ƙarar da oksijin ɗinta, sakin ƙarfen ya ragu, mai gwaji ya zaci an kai ƙoshi alhali iska ce ta ƙare. Sannan ruwan da ƙa'idar ke amfani da shi tataccen ruwa ne wanda ba shi da abin da zai riƙe masa pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwa-kanwarsa, saboda haka sinadarin ne ke juya ruwan yadda yake so. Idan aka tula zinki oksaid mai yawa, yana ɗaga pH, ɗagawar kuma tana rage narkewarsa, sai a fito da lamba ƙarama wadda ba ta nuna abin da zai faru a rafin da ruwansa ke da ɗan tsami. Wannan dogaro da pH babban al'amari ne a wajen ƙarafa: alminiyam haidroksaid, alal misali, ya fi ƙin narkewa a kusa da pH 6, amma yana narkewa sosai idan ruwan ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa ƙwarai. Lamba ɗaya da aka samu a pH ɗin da sinadarin ya zaɓa wa kansa ba ta isa a yanke hukunci a kan muhalli ba. Hanyar bututun ma ba ta ceci lamarin ba, domin tana bukatar a narkar da sinadarin a wani ruwa mai saurin tashi a shafe yashin da shi, garin ƙarfe da oksaid ɗinsa kuwa ba sa yarda da hakan.

Don toshe wannan giɓi aka tsara gwajin sauyawa da narkewa, wanda takardun ƙasashen waje ke taƙaita sunansa da T/Dp. Tambayarsa dabam ce. Shi abin da yake nema shi ne yawan ƙarfe narkakke da wani ƙayyadadden nauyi na sinadarin zai saka a lita ɗaya ta ruwa mai kama da na rafi cikin ƙayyadadden lokaci, ba iyakar abin da ruwa zai iya ɗauka ba. Saboda haka ana haɗa ruwan gwajin ne da gishirai sanannu bisa tsarin ISO 6341, wato ruwan da ake rainon ƙananan halittun ruwa a cikinsa lokacin gwajin guba, a riƙe pH ɗinsa tsakanin 6 da 8.5, a bar shi yana samun iska domin oksijin ɗinsa kada ya faɗi ƙasa da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da zai iya ɗauka, a riƙa girgizawa a hankali yadda garin ba zai niƙe kansa ba. Ana ɗibar ruwan lokaci-lokaci, a tace shi da matata mai ramuka na maikromita 0.2 (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a auna ƙarfen da ya ratsa.

Gwajin yana da matakai, kuma sanin matakan yana rage kashe kuɗi. Na farko shi ne na tantancewa: miligiram 100 a lita, awa 24, a pH ɗin da ya fi sakin ƙarfen. Cikakken gwajin kuma kwana 7 ne a nauyi uku, wato miligiram 1, da 10, da 100 a lita, sannan a tsawaita na miligiram 1 zuwa kwana 28 domin a duba haɗarin dogon lokaci. Waɗannan nauye-nauye ba a zaɓe su da ka ba, sun yi daidai da iyakokin da GHS ya gindaya wa rukunan guba ga halittun ruwa. Abin da ake yi da sakamakon shi ne a kwatanta ƙarfen da ya fita da adadin narkakken ƙarfen da aka riga aka san yana cutar da kifi, ko ƙananan halittun ruwa, ko gansakuka. Idan miligiram 1 a lita ya riga ya saki abin da ya kai wannan adadi cikin kwana 7, sinadarin ya faɗa rukuni na 1, mafi tsanani. Idan sai da aka kai miligiram 10 ko 100, rukunin ya sauka. Idan kuwa tun a gwajin awa 24 wani sinadarin da ake ce wa mai wuyar narkewa ya haura adadin, ana ɗaukarsa tamkar gishiri mai narkewa, a ba shi rukunin narkakken ƙarfen bayan an daidaita nauyi, kuma babu bukatar ci gaba.

Zinki oksaid misali ne da ya kamata kowa ya riƙe. Tsofaffin littattafai suna rubuta cewa ba ya narkewa a ruwa, kuma ga idon mai kallon kwalba haka ne. Amma kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa zinki ne, adadin narkakken zinki da ke cutar da halittun ruwa masu rauni kuma bai kai miligiram ɗaya a lita ba. 'Yan miligiram kaɗan da yake saki sun wuce wannan iyaka, shi ya sa Tarayyar Turai ta sanya shi a rukuni na 1 na guba ga halittun ruwa, na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Wanda ya dogara da kalmar "ba ya narkewa" zai bar ruwan wankin masana'antar fenti ko ta roba ya bi kwata ba tare da ya san abin da ya saki ba. A ganina wannan shi ne babban fifikon gwajin sauyawa: yana ɗaura narkewa da guba a ma'auni ɗaya, alhali ƙa'ida mai lamba 105 tana ba da lamba ta bar mai karatu ya yi wa kansa fassara.

Fifiko na biyu shi ne yadda yake lura da girman ƙwayar gari. Duk mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin jiƙa, kuma a wajen ƙarfe bambancin ya fi haka nisa. Ƙwayar da faɗinta maikromita 10 ne tana da saman da ya ninka na ƙwaya mai milimita 1 sau ɗari a nauyi ɗaya. Saboda haka tsarin ya ce a gwada sinadari a mafi ƙanƙantar girman da ake sayar da shi, dunƙulen ƙarfe kuwa a ɗauke shi a matsayin ƙwaya mai milimita 1 idan babu wani bayani, kuma a auna faɗin saman samfurin a rubuta shi tare da sakamakon. Wannan ne ya sa garin zinki ke ɗauke da alamar haɗari ga muhalli a Turai, sandar zinki kuwa ba ta ɗauke da ita, duk da cewa ƙarfe ɗaya ne. Ɗan kasuwar da ya sayi gari mai laushi amma aka ba shi takardar da aka rubuta don dunƙule ya karɓi bayanin kayan da ba nasa ba.

Sai dai gwajin yana da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaje-gwaje ne zai iya shi ba. A nauyin miligiram 1 a lita, abin da ake nema yakan kasance 'yan maikrogiram, wanda ke bukatar na'urar ICP-MS mai iya gano ƙarfe ɗan mitsitsi a ruwa, da kwalaben da aka wanke da asid, da ɗakin da ƙura ba ta shiga, domin zinkin da ke cikin ƙura ko a safar hannu ta roba kaɗai ya isa ya lalata sakamako. Riƙe pH 6 na tsawon mako huɗu ba tare da zuba sinadaran da za su kama ƙarfen ba yana bukatar a riƙa ratsa iska mai ɗauke da ƙayyadadden kabon dayoksaid, injin girgizawa kuma ba ya tsayawa dare da rana, wanda ke nufin wutar lantarki da ba ta yankewa. Akwai kuma iyakar da ke cikin tsarin kansa: ba ya nuna abin da zai faru idan ƙarfen ya manne da laka ko ruɓaɓɓen ganye a rafi na gaske, kuma ruwansa na awo ne, ba ruwan wani kogi takamaimai ba. Duk da haka, barinsa ma yana da farashi. Idan an san narkakken ƙarfen yana da guba amma babu sakamakon wannan gwaji, GHS yana ɗora wa sinadarin rukuni na 4 na dogon lokaci a matsayin kandagarki. Turai ta ƙara matsawa a 2021, inda ta gyara REACH, dokarta ta rajista da kula da sinadarai, ta wajabta kawo bayanin sauyawa da narkewa ga ƙarafa da sinadaran ƙarfe masu wuyar narkewa.

Sahu na uku ne ya fi bukatar natsuwa, domin a nan kuskuren zaɓi yana iya raunata wanda ke gwajin kansa. Kalsiyam kabaid idan ya taɓa ruwa yana rikiɗewa zuwa iskar asetilin da kalsiyam haidroksaid, kuma kilo ɗaya na wanda ake sayarwa yana ba da kusan lita 300 ta iskar. Wannan ita ce iskar da masu walda ke kunnawa, tana kama wuta tun daga kashi 2.5 cikin ɗari a cikin iska. Zuba irin wannan abu a kwalba, a toshe, a girgiza a digiri 30 kamar yadda ƙa'ida mai lamba 105 ta tsara, haɗa abin fashewa ne. Ko da an tsira, lambar da za a samu ta kalsiyam haidroksaid ce, domin babu sauran kabaid a cikin ruwan. Dokar REACH ta 2006 ta gane haka: a rataye na VII ta ce ba a bukatar gwajin narkewa idan ruwa yana rusa rabin sinadarin cikin ƙasa da awa 12 a pH 4 da 7 da 9, ko kuma idan yana saurin haɗuwa da oksijin a cikin ruwa. Ga sinadaran da ake shakkar saurin rushewarsu akwai ƙa'idar OECD mai lamba 111 da ke auna hakan, amma ga kabaid da sodiyam da makamantansu ilimin da aka riga aka sani ya wadatar.

Barin gwajin bai sauke nauyin bayani ba, ya mai da shi wani wuri ne. Abin da ake bukata yanzu shi ne a san kowane abu da haɗuwar ke haifarwa, da saurin haifarwar, da zafin da ke fita. Idan iska mai kama wuta ce, akwai gwajin N.5 na kundin gwaje-gwajen Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke farawa da ƙwaya ƙanƙanuwa a buɗaɗɗen wuri kafin a kai ga auna yawan iskar awa-awa na tsawon awa 7. Wanda ke kama wuta da kansa ko yake ba da lita 10 a kowane kilo cikin minti ɗaya yana rukuni na 1, mai ba da lita 20 a awa yana na 2, wanda ya haura lita 1 a awa yana na 3, kuma dukansu suna aji 4.3 a dokokin sufuri, aji mai shuɗiyar alama. Sai a lura cewa wannan gwaji iska mai cin wuta kaɗai ya dama da ita. Titaniyam tetrakuloraid yana fitar da farin hayaƙin asid na haidrojin kuloraid da zarar ya ji danshi, amma hayaƙin ba ya kama wuta, saboda haka N.5 ba zai nuna haɗarinsa ba. Turai ta rufe wannan giɓi da ƙarin jimlolin gargaɗi irin su EUH014 ga mai haɗuwa da ruwa da ƙarfi, da EUH029 ga mai fitar da iska mai guba.

Alminiyam fosfaid ya haɗa haɗuran biyu, kuma ya shafe mu kai-tsaye, domin shi ne ƙwayar da ake sakawa a buhunan wake da masara don kashe ƙwari. Ba ya ma jiran ruwa, danshin iska ya ishe shi. Ƙwaya ɗaya mai nauyin gram 3 an yi ta ne don ta saki gram 1 na iskar fosfin, wato kusan lita 0.7. A rufaffen ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da tsayin mita 2.5, wannan ya kai kusan kashi 23 cikin miliyan, ya ninka iyakar 0.3 da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta gindaya wa aikin awa 8 fiye da sau 70. Takardar da ta rubuta "ba ya narkewa" ko "babu bayani" a layin narkewar irin wannan sinadari ta ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci, kuma ina ganin ya kamata jami'in da ya ga haka ya mayar da ita. Abin da ya dace a rubuta shi ne cewa yana rushewa a ruwa yana fitar da fosfin, a nuna wa mai karatu sashe na 10 inda ake bayanin haɗuwa, da sashe na 5 inda za a faɗa masa kada ya kashe gobararsa da ruwa.

Ɗanyen kalsiyam oksaid, wanda ake samu daga ƙona dutsen farar ƙasa, yana nuna yadda ake komawa kan abin da aka haifa. Ba ya fitar da iska, amma kilo ɗaya nasa yana sakin zafin da ya isa ya tafasa fiye da lita uku na ruwa, ya koma kalsiyam haidroksaid wanda ke narkewa kusan gram 1.7 a lita, ya kai ruwan pH sama da 12. Wannan lamba ta 1.7 ita ake rubutawa, amma da sharaɗin a bayyana cewa ta haidroksaid ɗin ce. Haɗarin kuma yana wajen pH da zafi, masu ƙona ido da fata su kashe kifin da ke kusa da inda ya zuba, kalsiyam ɗin kansa ba abin tsoro ba ne.

Akwai sinadaran da ke tsaye a kan iyaka, waɗanda ke bukatar hanya biyu a tare. Garin zinki mai laushi ƙwarai yana iya fitar da haidrojin a ruwa, ga kuma narkakken zinkin da yake bari, saboda haka N.5 ne zai amsa batun gobara, gwajin sauyawa kuma ya amsa batun kifi, kuma na farkon ne ya kamata ya riga na biyu don kare mai gwajin.

Wani abu da dukan hanyoyin uku suka kasa amsawa shi ne abin da zai faru a cikin cikin mutum, inda ruwan ke ɗauke da asid mai pH tsakanin 1 da 2. Bariyam salfet, mai narkewar kusan miligiram 2 a lita, ana shayar da shi ga marasa lafiya kafin ɗaukar hoton hanji, domin ko asid ɗin ciki ba ya narkar da shi. Bariyam kabonet ma a ruwa miligiram kaɗan yake narkewa, amma asid ɗin ciki yana mai da shi guba. A 2003 a jihar Goiás ta Brazil mutane sun mutu bayan an ba su maganin hoton da ya gurɓata da shi. Mu ma mun ga irin wannan a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin dutse a siffar salfaid tana da wuyar narkewa ƙwarai, amma binciken da masana na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka suka wallafa a 2013 ya nuna cewa iska da ruwa sun daɗe da juya mai yawa daga cikinta zuwa kabonet da oksaid, injinan niƙa kuma suka mai da dutsen gari mai laushi a cikin gidaje, garin da ke sakin dalma cikin sauƙi a ruwan da aka haɗa don kwaikwayon na ciki. Duk wanda tambayarsa ta shafi haɗiya ko shaƙa ko taɓa fata, to, gwajin sakin ƙarfe a kwaikwayon ruwan jiki yake bukata, irin na ma'aunin Turai EN 71-3 da ake yi wa kayan wasan yara da asid da aka sirka da ruwa mai yawa a digiri 37, ko na EN 1811 da ke auna nikel ɗin da ɗan kunne da sarƙa ke saki a kwaikwayon gumi.

Ga wanda kuɗinsa ba zai kai ga cikakken gwaji ba, kuma sinadarinsa na sahu na biyu ne, shawarata ita ce ya sa abin da yake da shi a gwajin tantancewa na awa 24 a pH 6, ba a ƙa'ida mai lamba 105 ba, domin a nauyin miligiram 100 a lita abin da zai fita yakan yi yawan da na'ura mai sauƙi za ta iya gani, kuma idan ya haura adadin guba an gama magana da gwaji ɗaya. Wanda kuma ba gwaji zai yi ba, takarda kawai aka miƙa masa tare da kaya, yana da haƙƙin ya tambayi mai sayarwa hanyar da aka bi aka samu lambar, da pH ɗin da aka auna ta, da girman garin da aka gwada, da ko lambar ta sinadarin ce ko ta abin da ya rikiɗe ya zama. Idan mai sayarwa ya kasa faɗin girman garin, a ajiye kayan a kuma yi musu alama bisa rukunin mafi laushin garin wannan sinadari har sai an kawo sakamakon gwaji.